Baƙo da Tuwon Garin Wasu

Kowace shekara, sa'ad da tumatir ya nuna a gonakin rani na Kura da Bunkure da Kadawa, samarinmu su kan bi manyan motoci daga Kwanar Gafan zuwa Ikko, tafiyar da ta fi mil 600, su sauke kwanduna a kasuwar Mil 12. Waɗansu kuma karatu ne ya kan kai su Ibadan ko Inugu, waɗansu har Ingila. In sun komo gida aka taru ana yi musu barka da zuwa, labarin da su kan fara bayarwa shi ne na abinci da zaman mutanen can. Wani ya ce tuwonsu baƙi ne, miyarsu sai yauƙi da manja. Wani ya ce ba su san gaisuwa ba, kowa sauri ya ke yi kamar an biyo shi. A yi dariya, a watse. Amma akwai tambaya a ƙarƙashin dariyan nan wadda ta isa mai bi ya tsaya a kanta. Shin daidai ne baƙo ya yanke wa mutane shari'a bisa ga abin da harshensa ya ɗanɗana da abin da idonsa ya gani a kwanakinsa na fari?

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ku dubi miyan nan mai yauƙi da Yarbawa su ke kira ewedu. Ganyen lalo ne, wanda ya ke tsirowa a bakin gonakinmu, iyayenmu mata kuma suna miya da shi. Abin da su ke kira iru, daddawar kalwa ce ta itacen ɗorawa, irin wadda mu ke sa wa miyar kuka. Baƙin tuwon kuwa garin busasshiyar doya ne. Ashe saurayin da ya ture kwanon yana yatsina fuska, rabin abin da ya rena na gidansu ne, suna kaɗai ya sake. Haka kuma zancen gaisuwa. Mutumin da ya fita gida tun kafin asuba domin ya sami mota ya kai wurin aiki a kan lokaci, ba shi da zarafin tambayar gida da gajiya da sanyi kamar manomin da gonarsa ke bayan gari. Labarin fari na matafiyi ya fi nuna mana inda ya fito da abin da ya saba, ba halin mutanen da ya tarar ba.

Mu tuna kuma yadda namu ya ke a idon wasu. Fataken kudu da su ke zuwa sayen tumatir da shinkafa a wurinmu su ma su kan toshe hanci saboda warin daddawa, su yi mamakin mutanen da su ke cin soyayyar fara. Har abin da mu ke kira namu ma, da yawansa baƙo ne. Tumatir, da masara, da rogo, da gyaɗa, da barkono, asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan shekara ta 1492. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasan nan ba ta san noman rani mai yawa irin na yanzu ba. Baƙon jiya shi ne ya ke biya mana kuɗin makarantar yara yau.

Akwai wani Bahaushe da ya riga mu duka ganin birnin Turawa, sunansa Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana yaro, aka kai shi Kukawa a Barno, inda wani Bature matafiyi ya 'yanta shi. Daga baya ya bi Barth, wanda mutanenmu su ka sani da suna Abdulkarim, su ka ƙetare Sahara, su ka isa birnin London a 1855. Yaron da ya saba sa hannu cikin akushi, maza dabam mata dabam, sai ga shi a ƙasar da maza da mata su ke zama tebur guda, suna ci da wuƙa da cokali mai yatsu, ana kawo abinci iri bayan iri. Ya zuba ido, ya lura, ya ba da labarin abin da ya gani daki-daki da Hausa. Wani mai bishara, J. F. Schön, ya rubuta daga bakinsa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya zauna a gidan mutumin nan, ya ci abincinsa, ya taimake shi aikin juya Maganar Allah zuwa Hausa, har aka buga Bisharar Matta a 1857. Daga baya ya komo, ya rasu a Nasarawa ta Kano a 1912. Da yaron nan ya ƙi teburin baƙi, ya rena masu gida, da wa zai zauna tare da Schön yana gaya masa yadda Bahaushe ya ke faɗin abu? Cin abinci tare ya buɗe ƙofar da Bishara ta bi zuwa harshenmu.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki zancen nan ƙaramin abu ba. Sa'ad da Ubangijinmu Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, ya umurce su su ci abin da masu gida su ka sa a gabansu (Luka 10). Kafin Bitrus ya iya shiga gidan Karniliyas a Kaisariya, sai da Allah ya nuna masa wahayin abinci har sau uku, domin ƙyamar abincin al'ummai ita ce katangar da ta hana shi kai musu labarin ceto (Ayyukan Manzanni 10). Bayan haka kuma, da ya janye daga cin abinci tare da 'yan'uwa na al'ummai a Antakiya, Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2). Gama wanda ya ƙi kwanon mutum, da wuya mutumin ya gaskata cewa yana ƙaunarsa.

Wani zai ce, to, ashe sai mu bi karin maganan nan, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura? A'a. Akwai rami na biyu, ya kuwa fi na fari zurfi. Mun ga waɗanda su ka yi wata shida a birni su ka komo suna rena tuwon dawa na uwarsu, sun kuma ɗauko shan giya da caca suna kiransu wayewa. Daniyel ya koyi harshen Babila da ilminta, ya yi wa sarkinta aiki da aminci, duk da haka ya ƙi abincin sarki domin kada ya ƙazantu (Daniyel 1). Bai ƙi shi domin bai yi masa daɗi a baki ba, lamirinsa ne a gaban Allah ya hana shi. Bai kuma zagi kowa ba, roƙo ya yi da ladabi. Nan bambancin ya ke. Abin da ya saɓa wa sabonmu dabam ne, abin da ya saɓa wa Allah dabam. Na fari mu karɓe shi da godiya, na biyu mu ƙi shi ko a Ikko ne ko a ƙofar gidanmu, gama burukutu ba daga birnin wasu aka kawo mana shi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, ga shawara uku. Ta fari, in an sa maka abinci, ka yi addu'a ka ci ko loma biyu ce; in ba za ka iya ba, ka yi godiya ba tare da yatsina ba. Ta biyu, ka tambayi dalilin abu kafin ka ba shi suna. Ta uku, ka nemi ekklesiyar garin tun ran Lahadi ta fari, ko da ba ka ji harshensu ba, gama a teburin Ubangiji gurasa ɗaya ku ke ci.

Mu kuma da mu ke gida, baƙi suna cikinmu kowane rani: fatake, da direbobi, da 'yan ƙodago, da matasa masu bautar ƙasa. Su ma za su koma garuruwansu da labarinmu. Bari matan zumunta da dattawa su lura da su, a kira su cin tuwo, kada kuwa a ji haushi in sun kasa cinyewa. Ubangiji ya ba mu zuciya mai faɗi da lamiri mai tsabta, ko muna baƙi ko muna masu masauki. Amin.