Tsabtar Akushi da Tsabtar Zuciya

A manyan biranen Turai da Amurka, musamman Landan, wata al'ada ta yi tashe tun wajen shekarar 2009. Mutum zai mayar da falonsa wurin cin abincin dare, ya tara baƙi goma ko ashirin waɗanda galibi ba su san juna ba, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, a zauna a teburi guda. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba su kawo komai gaban baƙi sai abin da suke kira "tsabtataccen abinci", wato ganyaye da 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a cire masa dusa ba, babu sukari, babu kayan gwangwani. Wannan ne ya jawo tambayar da muke son mu tattauna: shin abin da mutum yake ci yana iya zama ma'aunin kirkinsa?

Da farko dai, wajibi ne mu ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gishirin da babban mutum zai ci a rana ya kai giram 5, kuma ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa. A 2009 wani masani ɗan Burazil, Carlos Monteiro, ya jawo hankali ga cewa ba sinadaran abinci kaɗai ne abin dubawa ba, har da irin sarrafawar da masana'antu suka yi masa. Mu ma shaidu ne. Ɗakunan kwanan ɗalibai cike suke da taliyar leda da lemon kwalba, kuma da wuya a sami zuriyar da hawan jini ko ciwon sukari bai taɓa ba. Jiki amana ne, mai kula da cikinsa kuwa ya ɗauke wa iyalinsa wahalar jinya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

To amma kalmar "tsabta" ba ta tafiya ita kaɗai, kishiyarta tana biye da ita. Duk wanda ya ce abincinsa ne mai tsabta, ko bai furta ba ya ce na maƙwabcinsa ƙazami ne. Daga ƙyamar akushi zuwa ƙyamar mai akushi kuwa tazarar ba ta da yawa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 mutum fiye da biliyan 2.8 ba su da halin sayen abinci mai gina jiki yadda ya kamata. Ɗalibin da ya jiƙa gari ya sha ya kwanta ba rashin tarbiyya ne ya kai shi ba, aljihu ne. Idan muka mayar da zaɓen abinci alamar kirki, to mun yi wa talaka hukunci a kan abin da ba shi ya zaɓa ba.

Bugu da ƙari, shi kansa mai neman tsabtar yana iya cutuwa. A 1997 wani likita Ba'amurke, Steven Bratman, ya raɗa wa wani hali suna otoreksiya, wato mutum ya tsananta wa kansa wajen tace abinci har ya rame, ya daina halartar biki da suna don tsoron abin da za a ɗora masa a gaba. Lafiyar da ta raba mutum da danginsa ragaggiya ce.

A nan ne ya dace mu waiwayi gida. Abin da Turawa suke biya da kuɗi, wato zama da jama'a a kan abinci, kakanninmu sun daɗe da shi, suna kiransa ciyayya. Bayan magariba magidantan unguwa kan fito da kwanukansu ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma. Wannan ya kawo tuwon dawa da miyar kuka, wancan tuwon shinkafa da taushe, wani kuma dambu. A haɗa a ci, baƙo ya sa hannu ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Hikimar abin ita ce rufin asiri: wanda miyar gidansa ba ta ji mai ba ya ɗanɗani ta mai hali, kuma babu mai nuna shi da yatsa. Shi ya sa aka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ba mu ce ciyayya ba ta da aibi ba, domin sau da yawa tsokar nama takan tafi waje, a bar mata da yara da romo. Wannan abin gyara ne. Amma ƙofarta a buɗe take, ta ƙungiyar cin abincin dare kuwa sai da kuɗi.

Abin mamaki, gero da acca da zogale da kuka, waɗanda wasunmu suke jin kunyar a gan su da su don kada a ce musu 'yan ƙauye, su ne ake sayarwa da tsada a kantunan masu neman lafiya a ƙasashen waje. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Saboda haka, amsarmu ita ce: abinci yana gyara jiki ko ya ɓata shi, amma ba ya auna kirkin mai cinsa. Mu rage gishiri da sukari, mu koma ga daddawa da ganye, mu yi wa juna nasiha ba tare da gori ba. Idan kuma ɗalibai ko malamai suka ga ya dace su kafa irin wannan zama, to kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa, kuma a bar gurbi a tabarma domin wanda ya zo hannu rabbana.