Laifin Ɗan Aike ko na Mai Kwatance?

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun samu sabon abokin aiki: ƙirƙirarriyar basira da ake aike kamar yaron gida. Ba amsa tambaya kawai take yi ba, tana duba farashi, ta tura saƙo, ta biya kuɗi. Sai dai ba ta da hannu. Duk abin da za ta taɓa sai ta bi ta wata ƙaramar manhaja da muke kira kayan aiki, kuma kowane kayan aiki muna rubuta masa suna, da 'yan layukan bayani, da jerin abin da yake buƙata a ba shi. Ɗan aiken ba ya leƙa cikin manhajar. Bayanin nan kaɗai yake karantawa, da shi yake yanke shawarar abin da zai ɗauka.

Kamfanin OpenAI ya buɗe wannan hanya ga masu manhaja a watan Yunin 2023, a Nuwamban 2024 kuma Anthropic ya fitar da tsarin da ake kira MCP, wanda kamfanoni da yawa suka runguma. Tambayar da ta rage mana ita ce: da me za mu auna bayani mu ce ya yi kyau? Idan kuma ɗan aike ya yi ɓarna, wa za a kama?

Mu kawo zancen gida. A ce an gina wa manoman ƙasar Ruma manhajar da ke taimaka musu sayar da amfanin gona, aka rubuta bayanin wani kayan aiki haka: "Yana kawo farashin hatsi." Jimlar ba ta da kuskure, amma ta bar ramuka. Farashin kasuwar Batsari ko na Katsina? Na yau ko na makon jiya? Na tiya ko na buhu? Rogon da aka san Batsari da shi yana ciki ko babu? Ɗan Safana ba sai an faɗa masa waɗannan ba, a cikinsu ya tashi. Na'ura kuwa baƙuwa ce, ko kalmar Rumawa ta gani tana iya ɗauka daular Rum ake nufi. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sau da yawa wannan baƙuwa ba ta tambaya, cike gurbin take yi da zato, ta ba da amsa ba ko gezau. Manomin da ya sayar da buhu goma a kan farashin da ya tsufa shi ke biyan kuɗin jimlar da muka taƙaita.

Kada a raina batun ma'auni. A Satumbar 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, saboda wani ɓangaren manhajar yana fitar da lissafi da ma'aunin fam, ɗayan yana karanta shi a ma'aunin mita. Kowane ɓangare ya yi aikinsa. Abin da ba a daidaita tsakaninsu ba shi ya ci kumbon.

Don haka daɗin karatu ba shi ne ma'auni ba. Bayani mai kyau shi ne wanda ya faɗi aibinsa, kamar dillalin kirki da ke nuna maka ɗingishin akuya tun kafin a yi ciniki. Ya faɗi abin da kayan aikin yake yi, da abin da ba ya yi, da lokacin da bai kamata a ɗauke shi ba. Ya faɗi ko dubawa kawai yake, ko kuwa yana aikata abin da ba ya warwaruwa, irin tura kuɗi ko goge rajista. Tsarin MCP ma ya tanadi alamomin nuna hakan, tare da gargaɗin kada a gaskata su idan ba a amince da wanda ya rubuta ba.

Gargaɗin yana da dalili. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, na'ura ta karanta ta bi, ta kwashi sirrin mai waya ko kwamfuta ba tare da ya sani ba. Wato bayani na iya zama mai gaskiya, ko mai sakaci, ko maci amana, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya.

Wani zai ce ai laifin na'urar ne, tunda an ce tana da basira, me ya hana ta tsaya ta tambaya? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma wajibi ne masu ƙera ta su koya mata cewa "ban gane ba". Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muka san abin da ke cikin manhajar, mu ne kuma muka zaɓi abin da za mu faɗa da wanda za mu yi shiru a kansa. Nauyi yana kan wanda ya sani.

Ta yaya za a gwada? Ba mai rubutu ne zai ba kansa maki ba, domin idonsa yana cike masa abin da ya tsallake. A tara buƙatun mutane na gaske, da bakinsu: mai cewa tiya, mai cewa mudu, mai haɗa tambaya biyu a saƙo ɗaya, mai neman abin da kayan aikin ba ya yi. A miƙa wa ɗan aiken, a duba sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace, sau nawa ya cike gurbi daidai, sau nawa kuma ya tsaya ya tambaya a inda tsayawa ce daidai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A buƙata mai wuya ake gane bayani.

Sannan a sa wanda asarar za ta faɗa wa cikin alƙalai. Idan aka karanta wa mai sayar da hatsi a Batsari bayanin da Hausa, ya ce, "To, malam, da wane kwano aka auna?", bayanin bai gama ba, sai a koma a rubuta masa kwanon.