Haƙƙin Iyaye Idan Girma Ya Kama Su

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a makon jiya wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya zo zaurena da hawaye a idonsa. Ya ce wata 7 ke nan bai ga kuɗin fanshonsa ba. Da muka bincika sai muka tarar kuɗi suna shiga, amma katin banki yana hannun babban ɗansa. Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu tunatar da juna a kan wannan al'amari.

A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi da bauta, kana Ya ambaci lokacin tsufa musamman, Ya hana ko da tsaki a gare su. Imamu Muslim kuwa ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana taɓewar wanda ya riski iyayensa cikin tsufa, amma hidimarsu ba ta shigar da shi Aljanna ba.

To, a mazhabar Imamu Malik, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala. Ana raba nauyin a tsakanin 'ya'ya gwargwadon wadatar kowa, watau ba a jibge shi a kan wanda ke zaune a gida kaɗai. Malamai sun ƙara da cewa idan iyaye suna bukatar mai yi musu hidima, to ɗaukar nauyinsa yana cikin wannan wajibi. Saboda haka ne ma ba ya halatta mutum ya ba iyayensa zakkarsa a madadin ciyarwa, domin ba a biyan bashi da kuɗin talakawa.

Sai dai akwai wata hidima da yawancinmu muka yi sakaci da ita, watau bin haƙƙin da iyaye suke da shi a hannun hukuma. A Nijeriya an kafa dokar fansho ta adashi a 2004, aka sabunta ta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10. Waɗanda suka bar aikin Gwamnatin Tarayya a tsohon tsari kuwa, hukumar PTAD ce ke biyansu, ma'aikatan jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Sau da yawa akan nemi ɗan fansho ya tabbatar yana raye, in bai yi ba a tsayar da kuɗinsa. Tsohon da ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ina zai iya wannan zirga-zirga? Aikin ɗa ne ya adana takardun, ya riƙe hannun mahaifinsa ya kai shi.

Haka nan dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Wanda ya je ya tambayi yadda zai yi wa mahaifiyarsa rajista bai yi roƙo ba, haƙƙinta ya bi. In kuma 'ya'yan su ma matalauta ne, babu kunya a nemi taimakon hukumar zakka, kamar wadda ke Kano da wadda ke Zamfara.

Amma fa, jama'a, a nan ne tarkon Shaiɗan yake. Abin da ka karɓo da sunan mahaifinka dukiyarsa ce, kai wakili ne kawai. Ba ka da ikon taɓa ko kwabo sai da yardarsa. In hankalinsa ya raunana, to ka kashe a kan abincinsa da maganinsa da tufarsa, ka rubuta, ka nuna wa 'yan'uwanka. Wanda kuma ya ci gaba da karɓar fansho bayan mai shi ya rasu, lalle haram yake ci.

Kada kuma mu manta da wadda ke ɗawainiyar dare da rana, ko 'yar gida ce ko matar ɗa. Hidimar suruka kyautatawa ce, a gode mata, a sauƙaƙa mata, a riƙa karɓarta. Aika kuɗi daga Legas ko Abuja ba ya maye gurbin zama kusa da tsoho a ji damuwarsa.

Shi dai maƙwabcin nawa, mun kira ɗansa gaban limami, ya mai da katin, ya nemi gafara. Wanda ke da irin wannan a wuyansa ya gaggauta tun masu yafewar suna raye.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.