Garin da Rana Ke Ƙin Faɗuwa

A can arewacin ƙasar Norwe akwai birnin Tromso, wanda cibiyarsa ke kan tsibiri, duwatsu da ruwan teku sun kewaye shi. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa a garin. Da tsakar dare takan yi ƙasa ta fuskar arewa har ka ce yanzu za ta nutse, sai ta fasa, ta sake hawa. Duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi, don haka a wannan lokaci na shekara ƙarshenta na arewa ba ya juya wa rana baya. Tromso kuwa tana da tazarar kusan kilomita 350 a arewa da layin Aktik, inda wannan al'amari ke somawa.

Abin da ke kawo iyalai yawon buɗe ido lokacin hutun makaranta ke nan. Mu ma da muka je da yara, mun shiga motar igiya da ake kira Fjellheisen, ta ɗaga mu zuwa kan dutsen Storsteinen mai tsayin mita 421. Ƙarfe goma sha biyun dare ga gada, ga jirage a bakin ruwa, ga ƙanƙara a kan duwatsu masu nisa, komai tar. Duk wanda ya tsaya a wurin bai ce Subhanallahi ba, to zuciyarsa na wani wuri.

Kyan gani daban, zama da abin daban. Da aka koma masauki aka ce yara su kwanta, autarmu ta yaye labule ta ce, "Abba, ai gari bai yi duhu ba." Gaskiyarta. Mahaifiyarsu ta yi rarrashi, ta yi faɗa, daga bisani ta dube ni ta ce, "Maigida, kai ka fara ajiye taswirar nan ka kwanta, sai su bi." Manya ma haka suke yi a can. Tunda da sauran haske, akwai sauran wurin da ba a gani ba, akwai sauran hoton da ba a ɗauka ba. Jiki kuwa duhu yake jira kafin ya saki sinadarin melatonin mai kawo barci, shi ya sa za ka tarar da labule masu kauri a tagogin ɗakunan kwana. Mutane da kuɗinsu suke sayen duhu.

A Suratul Ƙasas, aya ta 71 da ta 72, Allah Maɗaukaki ya yi mana tambaya biyu. Ma'anar ta biyun ita ce, in da ya bar yini ya zarce har ranar Alƙiyama, wa zai kawo mana daren da za mu huta a cikinsa? Mai karanta wannan a Kano ko Damagaram yakan wuce ta a matsayin misali, domin a wajenmu bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Mun saba Magariba na zuwa a kan kari, har mun daina lissafa ta cikin ni'imomi.

Dubi yadda muke godiya, ɗan'uwa. Muna gode wa Allah da ya nuna mana wayewar gari, kuma ya dace. Dare kuwa sai mu bar shi ga ɓarayi da sauro da ɗaukewar wuta. Alhali shi ne ke karɓe fartanya daga hannun manomi, shi ke tashin kasuwa, shi ke mayar da uba gida ko bai gama abin da ya fita nema ba. Ɗan Adam ba ya cewa ya isa da kansa. Sai an kashe masa fitilar sama ake samun kansa. Yanzu ma mun samo dabarar kauce wa wannan, ga waya a tafin hannu tana haska fuska har ƙarfe biyu, sannan a yi mamakin yadda Asuba ta yi nauyi.

Musulmin Tromso sun fi kowa sanin matsalar rashin dare. A masallacinsu na Alnor, idan rana ta daina faɗuwa, lokutan Makka suke bi wajen salla da azumi. Malamai sun kafa hujjar irin wannan da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi yadda za a yi salla a yinin da tsawonsa ya kai shekara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su ƙaddara lokaci. Sai ka ga mutum ya tayar da Isha rana na dukan tagarsa, ya idar, ya ja labule ya kwanta. Sama ba ta ba shi dare ba, salla ta yanka masa shi.

Tambaya ta farko a ayoyin nan biyu na Suratul Ƙasas, ta dare mai zarcewa, ita ma garin ya san ɗanɗanonta. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa ko kaɗan. Ranar 21 ga Janairu, da ta leƙo ta bayan duwatsu, mutanen gari sukan yi murna, a ci wani burodi mai zaƙi da suke yi saboda ranar.

Ya Allah, ka ba mu dare jiya ba tare da mun roƙa ba, ka tashe mu lafiya. Ka yi mana albarka a aikin wannan yini, ka hore mana ajiye shi idan ladan ya kira Magariba. Ka sauƙaƙa wa 'yan'uwanmu na Tromso da ke salla da agogo, ka mayar da matafiya da 'ya'yansu gida lafiya. Amin.