Inda Ba Wanda Ya San Ka

Wataƙila wata rana hanya za ta buɗe maka zuwa ƙasar waje, ko don karatu, ko don aiki, ko don taron masu bi. Sau da dama masaukinka yana can karkara, amma jirgin sama ba ya sauka a ƙauye. A babban birni zai ajiye ka, ka yi dare ɗaya ko biyu kafin ka wuce. A kan waɗannan darare nake so mu yi tunani tare, gama matafiyi yakan ɗauke su kamar ba sa cikin lissafin ransa. Ya bar gida, bai kai inda ake jiransa ba, sai ya ga kamar lokacin nasa ne shi kaɗai.

Ni ma na taɓa tsayawa a wannan tsakani. Na tafi taron Keswick, wanda masu bi suka fara tun 1875 a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, tsakanin tuddai da tafkuna. Kafin in hau jirgin ƙasa, na yi darare biyu a Landan.

Kada ka yi zaton zan ce maka ka kulle kanka a ɗaki. Manzo Bulus bai yi haka ba. Sa'ad da yake jiran Sila da Timoti a Atina, ya zaga birnin yana duban abubuwan da suke yi wa sujada, har ya iske bagadin da suka keɓe wa allahn da ba su sani ba. Daga wannan bagadi ya sami ƙofar wa'azinsa a Tudun Arasa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna mana. Da ya rufe ido, da bai sami abin da zai kama zuciyar Atinawa da shi ba. Saboda haka ka fita ka gani. Ni na shiga majami'ar Westminster, na tsaya a kan kabarin David Livingstone. A bisa ƙofarta ta yamma na ga siffofin shahidai 10 na ƙarni na 20 da aka kafa a 1998, a cikinsu akwai Janani Luwum, babban bishop na Uganda, wanda aka kashe a 1977 a zamanin Idi Amin. A gidan tarihi na Birtaniya kuma na ga kayan tagullar Benin da aka kwaso a 1897, zuciyata ta yi nauyi. Duk wannan gani ya ƙara mini, bai rage ni da kome ba.

Gwajin ya zo da yamma, kuma ba da ƙaho ya zo ba. A watan Yuli rana ba ta fāɗuwa a Landan sai wajen ƙarfe 9. Na ce bari in taka in ga gari da dare. Kafin in fita, na cire farar kwalar nan da fastoci ke sawa a wuya, na jefa ta cikin jaka, wai don zafi. Da na isa dandalin Piccadilly, fitilu sun mai da dare rana, jama'a kamar kasuwa ta cika, kiɗa na fitowa daga kowace ƙofa ta unguwar Soho. Sai na ji wani irin sauƙi a jikina, kamar wanda aka sauke wa kaya. Na tsaya na tambayi kaina: wane kaya ne aka sauke? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. A gida mai shayi ya san ni, ɗan acaɓa ya san ni, matan zumunta sun san takuna tun daga nesa. A nan kuwa ba ido ko ɗaya da ya san sunana, kuma wani abu a cikina yana murna da haka.

Ka ga, mu mutanen kunya ne, kuma kunya abu ne mai kyau. Danga ce da ta kāre gonaki da yawa daga ɓarna. Amma danga ba ta shiga jirgi, a gida ake barinta. Ranar da ka tsaya inda ba wanda ya san ka, ranar za ka gane kashi nawa na tsarkinka tsoron Allah ne, kashi nawa kuma tsoron bakin mutane. Na yi shekaru ina wa'azi a kan Zabura 139, inda Dawuda ya shaida cewa duhu ba ya ɓoye mutum daga Ubangiji, ina kuma ba da labarin Yunusa da ya biya kuɗin jirgin Tarshish don ya guje wa Allah. Ban san ina da ɗan Yunusa a ƙirjina ba sai a daren nan.

Ba na cewa daren birni duka zunubi ne. Na ga iyalai suna fitowa daga gidan wasan kwaikwayo, na ga abokai suna cin abinci cikin fara'a, na ga direbobin bas da masu shara, da yawansu 'yan Afirka, waɗanda dare ne lokacin neman abincinsu. Ubangijinmu ya halarci biki a Kana, ya kuma karɓi Nikodimu da dare. Tambayar da ta fi ta agogo muhimmanci ita ce: ka fito don ka gani ne, ko ka fito don ba a ganinka? Ƙafafu biyu za su iya bin titi ɗaya, ɗaya na Bulus, ɗaya na Yunusa.

Zuciya kuwa tana da wayo. Za ta ce maka, kallo kawai zan yi. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya ba da labarin abokinsa Alifiyus, wanda ɗalibai 'yan'uwansa suka ja shi zuwa filin da ake sa mutane su kashe juna a Roma. Ya rufe idonsa, ya ƙudura ba zai duba ba. Da taron ya yi ihu sai ya buɗe, ya ga jini, ya fita daga wurin yana marmarin komawa, har ya riƙa jan waɗansu. Ya dogara ga ƙarfin kansa a wurin da bai kamata ya zauna ba tun farko.

Wayonta na biyu ya fi haɗari. Za ta ce, ai jibi kana ƙauye, can akwai shiru da addu'a, za ka wanke duk abin da ka ɗauka. Wannan shi ne yin zunubi da tuba a aljihu, abin da Bulus ya ƙi ƙwarai a Romawa sura 6. Ban da haka ma, ƙauye ba ya wanke kowa. Agustin da Alifiyus sun bar birnin Milan a 386 zuwa wani gidan gona a Kasikiyakum, aka yi musu baftisma a 387. Duk da haka, bayan shekaru, Agustin ya furta cewa hotunan tsohuwar rayuwarsa suna zuwar masa cikin barci. Abin da ido ya ɗauka a titi, yana bin mutum har cikin ɗakin addu'a, shiru kuwa ƙara masa murya yake yi.

Ba wani abin jaruntaka na yi a daren ba. Wani saurayi ya miƙo mini takardar gayyata a bakin wata ƙofa, na karɓa, na riƙe ta fiye da yadda ya kamata, sa'an nan na jefar. Na koma masauki na kira matata, na faɗa mata duk inda na taka, har da abin da na ji a Piccadilly. Kai ma, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ka sami mutum ɗaya da za ka iya ba labarin darenka ba tare da tsallake titi ko ɗaya ba.

Kashegari na ɗauki jirgi daga tashar Euston zuwa Penrith, daga can bas ta kai ni Keswick. Tumaki na kiwo a gefen tuddai, tafkin Derwentwater a kwance shiru. Da na buɗe jaka na ga kwalar, na miƙa hannu, sai na fāsa. Na bar ta a ciki har ƙarshen taron, gama ina so in san wane ne yake durƙusawa a gaban Ubangiji in ba ta a wuyansa.