Baitulmalin da Ya Kamu da Shaye-shaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, ga tambaya: shin hukumar da ke cin riba daga abin da ke halaka talakawanta tana iya raba su da shi? Amsar tana cikin tarihin ƙasar Rasha da barasarta mai suna bodka, wadda ake tacewa daga hatsi ko dankalin turawa.

A shekarar 1894 ministan kuɗi Sergei Witte ya fara mayar da cinikin bodka hannun gwamnati ita kaɗai. Gab da yaƙin duniya na farko, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar daular daga kwalba yake fitowa. Sarki Nikolas na biyu ya hana sayar da ita a 1914, sai baitulmali ya rame ana tsakiyar yaƙi. A 1925 gwamnatin Sobiyet ta maido da ita, domin neman kuɗin gina masana'antu. A 1985 Gorbachev ya sake gwadawa: aka rage shaguna, aka taƙaita sayarwa daga ƙarfe biyu na rana zuwa bakwai na yamma. Mace-mace suka ragu. Amma mutane suka koma dafa tasu a ɓoye har sukari ya yi wuya, kasafin kuɗi ya samu giɓi, a 1988 aka sassauta dokar.

Ku lura, mashaya biyu ne a nan: talaka da ya saba da kwalba, da baitulmali da ya saba da kuɗinta. Mai maye kuwa ba ya warkar da mai maye.

A Madina haramcin giya ya sauka daki-daki, a Suratul Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida, bayan imani ya zauna cikin zukata. Da hukunci ya zo, sahabbai suka tuttular da ita a kan hanyoyi, alhali dukiya ce gare su. Shari'a kuma ta haramta kuɗinta kamar yadda ta haramta shanta, don kada kowa ya rataya abincinsa ga halakar ɗan'uwansa.

Saboda haka mai mulki da ɗan kasuwa da magidanci, kowa ya binciki hanyar samunsa tun kafin ta zama masa sarƙa. Wanda tuwonsa ya dogara ga ɓarna, bakinsa ba ya iya hana ta.

Allah ya tsarkake mana arzikinmu, ya shiryi zuriyarmu. Wassalamu alaikum.