Fasali a kan ƙazafi da tsare harshe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwa muridai, harshen da ya yi wuridi da asuba, in ya ci naman ɗan'uwa da hantsi, ya zubar da abin da ya tara. Mutuncin Musulmi haramun ne kamar jininsa da dukiyarsa.

Ƙazafi shi ne jifan mutum da zina, ko kore shi daga ubansa. Wanda ya jefi ɗa, Musulmi, baligi, mai hankali, kamamme, bai kawo shaidu 4 ba, haddinsa bulala 80, kuma a mayar da shaidarsa, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 4. A mazhabar Imamu Malik, habaici ma ƙazafi ne in an gane nufinsa. Zagin da bai kai haka ba, alƙali yana ladabtarwa gwargwadon ijtihadinsa. Abin da hannu ya rubuta, a takarda ko a waya, harshe ne na biyu.

Ku duba ƙaryar da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha a dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ. Munafuki ne ya kunna wutar, amma muminai ne suka ɗauka suna yaɗawa. Da Allah ya barrantar da ita, aka yi wa Misɗahu da Hassanu da Hamnatu haddi. Misɗahu kuwa ya halarci Badar, Badar ba ta kare masa bulala ba. To, ina ga mai cewa "ni dai ji na yi"?

Wanda aka jefa shi ke da hakki. Yana iya yafewa kafin magana ta kai ga alƙali. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba, da aya ta 22 ta sauka ya mayar masa da ciyarwa.

Wanda ya san ya ɓata wani, istigfari kaɗai bai isar masa ba. Ya ƙaryata kansa a zauren da ya yi maganar, ya nemi gafarar mai hakki tun yana raye, kafin ranar da ake biya da lada.

Allah ya tsare harsunanmu, ya suturta mu. Amin. Tammat.